Garin Kuka a Lagireton Baba

Assalamu alaikum Malama Zuhra. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kada ki ga maganar mota ki ture wasiƙata gefe. Na san wannan fili naki na masu rigimar gida ne da masu ciwon zuciya, ni kuwa da lagireto na zo miki. Amma wallahi lagireton nan ya hana ni sukuni fiye da duk wata rigima da na taɓa karantawa a shafinki, kuma babu wanda zan faɗa wa a garinmu maganar ba ta riga ni isa gida ba.

Ni direba ne a Gaya, ɗan direba. Asalinmu Barebari ne, amma a nan aka binne kakanninmu. Mahaifina, wanda kowa ke kira Baba Gaji, yana da wata tsohuwar akori-kura da ya saya tun ban fara gemu ba. Da ita ya ciyar da mu, da ita ya aurar da mu, da ita aka kai mahaifiyarmu asibiti a ciwonta na ƙarshe. Hanyarsa ɗaya ce tsawon rayuwarsa: Gaya, Balan, kasuwar Ajingi. Gyaɗa, gero, dawa, wake, wani lokaci har awaki. Da idonsa ya fara tafiya sai ya miƙa mini makulli. Yanzu ba ya gani ko kaɗan, ga hawan jini, a zaure yake wuni kan buzunsa, motar kuwa a ƙofar zauren take kwana, inda in ya miƙa sandarsa zai taɓa tayarta.

Baba yana da dokokinsa a kan motar nan, kuma ba a yi masa gardama. Shekaru da yawa da suka wuce, lagiretonsa, wato tukunyar ruwan nan ta gaban inji, ya taɓa tsiyaya a tsakiyar daji, babu mai walda, babu kowa. Wata tsohuwa a wani ƙauye ta ba shi garin kuka ya zuba a ciki, yauƙin ya toshe ramin, ya iso gida da lodinsa lafiya. Shi ke nan, daga ranar kuka ta zama maganin kowane ciwo. Duk ranar kasuwa sai an zuba tafin hannu guda, ko ana tsiyaya ko ba a yi. Har gobe gwangwaninta na nan kusa da buzunsa, matata Batula ke tankaɗe masa ita da rariya mai laushi, shi zai ɗebo da hannunsa ya juye mini a nawa. Ruwa kuma na rijiyar gidanmu ne kawai, wadda in kika dafa ruwanta a buta sai kin ga fari ya kwanta a gindi. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe da ake kira tamostat, mai daidaita yadda ruwa ke shiga inji. Tun tuni Baba ya sa aka cire shi aka yar, ya ce na mutanen ƙasar ƙanƙara ne, mu nan me za mu yi da shi. Haka na taso na gani, haka na ci gaba da yi, ban taɓa tambaya ba.

Bara, wajen ƙarshen kaka, allurar zafi ta fara hawa. Da farko sai na yi lodi na shiga yashin hanyar gonaki take miƙewa, in na hau kwalta ta sauko. Daga baya ta daina saukowa. Na kai ta wurin Zulkiflu, bakanikenmu. Mutumin kirki ne, amma irin masu gyaran nan ne da sai sun canza duk abin da ke maƙwabtaka da ciwo kafin su taɓa ciwon. Ya canza fanbel, wato belin da ke juya fankar inji. Ya canza murfin lagireto. Ya ce famfon da ke zagaya da ruwa cikin inji ne ya gaji, muka sa wani. Har ita allurar muka zarga da sharri, ya canza ɗan abin da ke aiko mata da labari daga jikin inji, sabon ma ya faɗi abin da tsohon ya faɗa.

Rannan, ranar kasuwar Ajingi, na ɗauko dawa maƙil da mutane a kai, rana tsaka, sai tururi ya turnuƙe gilas. Na tsaya na ɗaga bonet. Kafin in ce a dakata, bayin Allah masu son taimako sun diro da jarkokinsu, wani ma har ya ruga wani gida ya karɓo ruwan randa mai sanyi, suka sheƙa wa injin a ka. Na ji wata 'yar ƙara, ƙas, kamar an taka busasshen kara. Ba wanda ya ji sai ni. Su suna ta yi mini barka wai ta huce, ni kuwa na san an yi ɓarna.

Bayan wannan ne Zulkiflu ya sauke lagireton ya kai wa mai walda aka buɗe kansa. Malama, da kin ga abin da ke ciki. Kukar shekara da shekaru ta haɗu da farin dattin ruwan rijiya ta daskare, ta toshe yawancin 'yan bututun da ruwa ke bi ya sha iska. Da aka zura ƙarfe aka tsefe su sai lagireton ya fara zuba ta ko'ina, ashe kukar ce ma ke riƙe da shi. Zulkiflu ya yi dariya har da riƙe ciki, wai saura daddawa da man shanu a sauke tukunya. Ni ban ga abin dariya ba, don hannun mahaifina na gani a cikin wannan taɓon, da nawa.

Na je Kano na samo wani lagireton na hannu muka ɗaura. Na ce to, an wuce wurin. Ina! Ko ba kaya a bayanta tafasa take. Aka buɗe kan inji aka canza gasket, wato shimfiɗar nan da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ta yi mini ladabi na 'yan makonni, sai ta koma gidan jiya. Yanzu in na cika ruwa da safe na tayar, kumfa ce ke ta ɓulɓulowa a bakin lagireto tun inji bai ɗumama ba. Tiyon ruwan lagireto yana tauri kamar zai fashe. Farin hayaƙi na fita ta salansa. Ruwa na ƙarewa ba a ga inda ya zuba ba. Baƙin mai kuwa, in na zaro sandar awonsa, ya koma kalar kunun gyaɗa. Zulkiflu ya daina dariya. Ya ce ko dai kan injin ya tsage, ko kuma jikin injin ne kansa, kuma irin wannan tsohon inji sai an yi yawon duniya kafin a samu, in ma an samu ba aljihuna ba ne zai ɗauka.

To ga inda abin ya fi ci mini rai. Tun farkon damina motar nan ba ta ɗauki ko buhu ɗaya ba, kuma Baba bai sani ba. Kullum da hantsi nakan cika ruwa, in tayar da ita a ƙofar zaure ya ji, in danna hon, ya ɗaga mini hannu ya yi addu'a. Sai in lallaɓa da ita bayan garejin Zulkiflu in ajiye a gindin wata tsamiya tun allura ba ta kai ja ba, in ari mashin ɗin ƙanin Batula in shiga acaɓa. Da la'asar in dawo in sake tayar da ita in kawo gida. Ya tambaye ni hanya, in ƙaga masa hanya. Ya tambaye ni wa na ɗauko, in lissafa masa mutanen da rabona da su tun bara. Na zama gwanin ƙarya da furfura a gemuna. Kukar da yake juye mini a hannu kuwa Batula nake kai wa, mun sha miyar kuka a gidan nan har yara sun fara bore.

Da haka kawai ne, da sai in ci gaba da wannan wasan har Allah ya yi ikonsa. Amma akwai goro. Al'ada ce tsakanin gidanmu da manoman Balan tun Baba na da ƙarfinsa. Duk shekara kafin a fara cirar gyaɗa, dattijonsu Malam Maiwada yakan zo zaurenmu da ƙullin goro ya ajiye a gaban Baba. In Baba ya ɗauka ya ɓara ɗaya, magana ta ƙare: motarmu ce za ta kwashe musu amfanin gona a wannan kakar, ba za su nemi wata ba, mu ma ba za mu karɓi lodin wasu ba sai mun gama da su. Babu takarda, babu shaida. A kan wannan goron suke cire gyaɗa su tara a bakin gona suna jira, su yi wa dillalan Ajingi alkawarin rana. Baba bai taɓa saɓa musu ba. Ko shekarar da mahaifiyarmu ta rasu, ana gama karɓar gaisuwa ya shiga mota, ya ce gyaɗar mutane ba ta san makoki ba. Yau da ba ya gani, ba ya tuƙi, ba ya zuwa ko masallaci sai an riƙe shi, wannan zuwan na Malam Maiwada shi ne ranar sallarsa. Tun yanzu ya sa an wanke masa babbar rigarsa.

Gero ya nuna, gyaɗa ta kusa, Malam Maiwada ya aiko cewa yana nan tafe. In na yi shiru Baba zai ɓara goro a kan motar da ba ta iya kai kanta bakin gari. Lokacin da gaskiya za ta fito duk direbobin yankin an riga an kama su, gyaɗar mutane tana zube a daji, ga ruwan ƙarshen damina, ga dabbobi, kuma sunan Baba za a kira, ba nawa ba. In kuma na faɗa masa, likita ya ce a guji tayar masa da hankali, kuma na san shi, sai ya tambayi dalili, sai ya ce a kira masa Zulkiflu, shi kuwa Zulkiflu bakinsa ba ya riƙe komai. Yaya zan kalli tsohon nan in ce masa kukar da yake alfahari da ita ce ta shaƙe motarsa?

Batula ta ce in faɗa masa kawai, ita ta gaji da tankaɗe kukar munafunci. Yayata Bintu ta ce in na kuskura na faɗa, wani abu ya same shi, ba ni ba ita har abada. Wai in bar shi ya karɓi goron, daga baya in roƙi Salihu ya kwashe kayan a ɓoye. Salihu wani direba ne a garinmu mai mota mai lafiya, ba mu da wata gaba da shi, amma shi ma yana da nasa mutanen, kuma ya daɗe yana kallon lodin Balan. Ni dai na rasa gaba na rasa baya. Wani lokaci ina kan mashin sai in ji hawaye na zuba, in ce wa fasinja iska ce.

Malama, ki tambaya mini masana, ko akwai wata dabara da za ta sa motar nan ta ja ko da kakar bana ce kaɗai? In babu, me zan yi da Baba? Na sauya sunayen mutane, duk da na san wanda ya sani zai gane.

Naki cikin damuwa,
Direban gindin tsamiya, Gaya.

Wa alaikumus salam, Direban gindin tsamiya. Ban ture wasiƙarka ba. Na karanta ta, sannan na ɗauke ta na kai wa Muhammad Auwal, bakaniken da ke riƙe da ran tawa tsohuwar motar, na karanta masa sashen inji. Tun ban kai ƙarshe ba ya fara girgiza kai.

Bari mu fara da ƙarfe, don shi ne mai sauƙi. Kumfa tun inji na sanyi, tiyo mai tauri, farin hayaƙi, ruwa na ɓacewa, baƙin mai ya yi fari: duk abu ɗaya suke faɗa, wato wutar inji da ruwansa da mansa sun sami hanyar haɗuwa. Tunda an canza gasket abin ya dawo, zancen Zulkiflu ya fi kusa da gaskiya, akwai tsaga. Kada ka sake sa wani gasket ɗin da fatan a dace. A cire kan injin a kai shi Kano wurin masu gwada shi da matsin ruwa, su duba tsaga su duba ko ya lanƙwashe. In shi kaɗai ne ya tsage, akwai ɗan fata, wata rana ka iya dacewa da na hannu. In tsagar a jikin injin take, to sai haƙuri. Idan Allah ya sa ta tashi, a wanke hanyoyin ruwa na cikin injin tas, don kukar ba a lagireto kaɗai ta tsaya ba. A mayar da tamostat, ba don ƙasar ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba. A daina ruwan rijiya, a sa ruwan sanyaya inji da ake sayarwa, in ya gagara ko ruwan sama ne da aka tace ya fi. Kuma ko wa zai taimaka, kada a ƙara zuba wa inji mai zafi ruwan sanyi, kada a buɗe murfi yana tafasa.

Dabarar da ka tambaya kuwa, babu ita. Na matsa wa Muhammad Auwal, ya ce duk abin da za a zuba a ciki don ya toshe tsaga ƙanin kuka ne, zai iya kai ka gida ba kaya, ba zai ja gyaɗa a yashi ba. Motar nan ba za ta yi kakar bana ba, kuma ka shirya wa zuciyarka cewa mai yiwuwa ta gama aikinta ke nan. Ya kuma ce in gaya maka ka daina tayar da ita daga yau. Man da ya gauraya da ruwa ba ya kare ƙarfe, saboda haka kowace fita ta safe da kake yi don Baba ya ji, cinye ragowar injin kake yi.

Yanzu maganar Baba. Ban ga laifin Bintu ba da take tsoro, hawan jini ba abin wasa ba ne, kuma tausayi ne ya kai ka gindin tsamiya, ba mugunta ba. Amma dabararta ba za ta yi ba. Salihu yana da nasa alkawuran, ba zai taɓa lodin Balan ba sai ya gama da mutanensa, kuma ba a ɓoye mota a gonar da kowa ya san ƙarar taku. Malam Maiwada zai sani, daga shi sai zaurenku. Labarin da kuke jin tsoron faɗa wa Baba a hankali zai zo masa daga bakin baƙo, bayan ɓarna ta auku, tare da sanin cewa 'ya'yansa sun mai da shi yaro. Wannan ne zai fi tayar masa da jini. Ka kuma tuna mutanen Balan ba su yi muku komai ba, noman shekararsu ne za a ɗora a kan shirunka.

Game da kuka, ka sassauta wa tsohon, ka sassauta wa kanka. A ranar da aka ba shi ita a daji ta yi masa rana, kuskuren shi ne maganin kwana ɗaya da ya zama na kullum. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Akwai tsufa, akwai lodin da ya wuce kima, akwai ruwan rijiya, akwai ruwan randar nan. Ba wanda zai iya rantsewa cewa ga guda ɗaya da ya kashe ta. Abin da ya zama dole Baba ya sani shi ne motar ba za ta iya ba. Rabon laifi ba dole ba ne. Ka ja kunnen Zulkiflu tun da wuri ya ajiye barkwancinsa. In Baba ya tambaye ka kai tsaye ko kukar na ciki, kada ka yi masa wata sabuwar ƙarya, ka ce tana ciki, tare da sauran. Ina ma zaton mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sauraron wannan inji ya daɗe da jin cewa muryarsa ta canza, ko da bai san iyakar abin ba.

Ga shawarata. Kada ka jira Malam Maiwada ya iso. Ka zaɓi safiya, bayan Baba ya karya ya sha maganinsa, Bintu na kusa ko da ranta bai so ba. Ka zauna a ƙasa gabansa ka faɗa masa komai, har da acaɓar, ka nemi gafararsa. Sannan ka mayar masa da abin da yake nasa: shi zai yanke abin da za a gaya wa mutanen Balan. In ya ga dama ya aika a kira Salihu ko wani da ya yarda da shi, tun ana da sauran lokaci, ya haɗa su da Malam Maiwada da bakinsa. Ya sa babbar rigarsa, ya karɓi baƙonsa, ya mayar da goron da hannunsa ya faɗi dalili.

Ba zan yi maka alkawarin abin zai zo da sauƙi ba. Zai iya yin kuka, zai iya daina yi maka magana na wani lokaci, kuma mai yiwuwa lodin Balan ya bar gidanku ke nan ba zai dawo ba. Wannan rashi ne na gaske, ban da maganinsa. Amma mahaifinka ya rasa ido, ya rasa sitiyari, motar ma ga ta nan tana tafiya, maganarsa kaɗai ta rage masa. Bai taɓa saɓa ta ba lokacin da yake gani. Kada ka bari ya saɓa ta don ba ya gani.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar zama a gabansa, ya sanyaya wa Baba Gaji abin da zai ji, ya sa gyaɗar mutanen Balan ta isa kasuwa lafiya, kai kuma ya buɗa maka wata hanyar abinci.

Malama Zuhra